Mai Laima Ya Ƙi Shiga Sikana

Ranar da Auta ta ɗora yatsu biyu a kan gilashin babbar wayarta ta buɗa su, Anti Tafireta ta ƙwalla ƙarar da ta sa mijinta ya yar da sukudireba a tsakar falo. Ba wani abu ta gani ba, kalma ɗaya ce tak, "tukunya". Amma kowane harafi ya kai girman babban yatsa, baƙi wuluk a kan fari fat, kuma da idonta ta karanta, ba wanda ya taya ta.

"Tukunya!" ta ce. "Injiniya, zo ka ga tukunya! Wallahi ga ta nan ɓaro-ɓaro!"

"To Allah ya sa da miya a ciki," in ji shi, yana laluben sukudirebarsa a ƙarƙashin kujera.

Sai wanda ya san matar nan zai gane dalilin ihun. Sunan aikinta ne ya bi ta, don ta yi shekaru tana buga tafireta a wani ofis har ta yi ritaya, kuma duk layinsu da haka ake kiranta. Wasu matan sarƙa suke tarawa, wasu atamfa, ita kuwa littattafai ta tara. Sun cika kanta biyu a falo, sun gangara ƙarƙashin gado, wasu sun hau saman firij, har akwai wani mai kauri da ya daɗe yana tokare ƙafar tebur. Ana cikin haka ciwon ido ya zo mata a hankali, ba sallama. Tana ganin mutum, tana ganin ƙofa, tana bambance gishiri da sukari, amma ƙananan haruffa sun narke sun koma mata layin tururuwa. Likita ya duba ya ce ba na tiyata ba ne, tabarau ma ya yi iya yinsa.

Tun daga nan mijinta ya zama idonta. Shi ba injiniyan komai ba ne, rediyo da fanka yake gyarawa a wani ɗan shago da ke jikin gidan. Ita ta laƙaba masa sunan don tsokana tun kafin aure, ya karɓa hannu bibbiyu, bai sake ba. Kullum da yamma in ya rufe shago sai ya wanke hannu, ya ja kujera kusa da tata, ya karanta mata. Ita kuma ta gode masa da ƙorafi. Ta ce yana karatu kamar mai karanta bayan kwalin batir, yana haɗiye waƙafi, in ya zo aya kuma ya bi ta kanta ya wuce kamar babur.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya ce, tana leƙo su ranakun da ba ta da aiki. Shafi ɗaya ta ɗauka a hoto daga wani littafin girki don gwaji. Ta bayyana musu cewa in aka bi littafi shafi-shafi aka ɗauka haka, wayar za ta miƙe shafukan, ta haɗe su wuri guda, har ta gane haruffan da ke ciki. Shi ake ce wa sikanin.

"Duka littattafan?" in ji Anti Tafireta.

"Duka, Mama. In dai kina da ƙarfin juya shafi."

"Ni kike tambaya? Ni da na ci abinci da yatsun nan?" Ta juya wajen mijinta, baki har kunne. "Injiniya, gani ya kori ji! An sallame ka. Ka je ka huta, Allah ya ba da lada."

Injiniya ya yi dariya, kuma dariyar gaskiya ce, don mutumin bai taɓa ganin aikin da ya haɗa waya da fitila ya kauce masa ba. Kafin Auta ta gama shan shayi ya jawo kwalin da tsohuwar talabijin ta zo a ciki. Ya yanke masa gefe ɗaya, ya huda 'yar taga a sama inda waya za ta kwanta tana leƙen ƙasa, ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a ciki. Ya kafa fitila biyu hagu da dama, a karkace, don kada haske ya faɗa kan takarda ya dawo ya kashe hoton. Da suka ga shafi yana tasowa ya ƙi kwanciya, sai ya tsaya yana waige-waige a falo, idonsa ya sauka kan hoton aurensu da ke bango.

"Kada ka soma," in ji matarsa.

"Gilashin kawai zan ara, Madam. Auren yana nan."

Ya cire gilashin ya danne shafin da shi, ya kwanta lif. Daga ƙarshe ya jona wayar kunne, ya nuna musu cewa in aka latsa maɓallin ƙara sauti wayar za ta ɗauki hoto ba tare da an taɓa ta ta girgiza ba. Ya ja da baya, ya riƙe ƙugu, ya sanar da cewa wannan ita ce Sikana, kuma duk wanda ya kira ta kwali ba shi ba shiga falon nan.

Daga ranar gidan ya koma ma'aikata. Ita ce mai juya shafi, don yatsunta sun san takarda ko ido a rufe, ba ta taɓa haɗa biyu ta juya ba. Shi ne mai ɗaga gilashi da latsa maɓalli. Ta ce "Ɗauka!" wayar ta ce ƙyas, ya ce "Juya!" Har suka samu kiɗa a ciki, tana rausaya kai, shi yana buga ƙafa. An haramta kunna fanka saboda tana kaɗa shafi, a gidan mai gyaran fanka, suka yi ta zufa suna dariya. Littafi guda cif suka gama kafin Auta ta gano babban yatsan babanta ya fito a kusurwar kowane shafi da baƙin mai a ƙarƙashin farce. Wani kuma suka ɗauke shi kai a ƙasa daga bango zuwa bango, kowa ya ce laifin ɗaya ne.

Su littattafan kuwa sai aman abubuwa suke yi. Wannan ya fito da tsohon tikitin bas, wancan reza, wani fiffiken kyankyaso da ya rasu a tsakiyar babi. A cikin wani suka samu ƙaramin cokalin da Anti Tafireta ta taɓa zargin wata maƙwabciya da shi, ta yi ta istigfari tana dariya. A can ƙasan kanta ta biyu suka tarar gara ta riga su, ta cinye wa wasu littattafai ciki ta bar bango. Wannan ya ƙara mata wuta. Ta ce tsere ake yi tsakaninta da gara, kuma ba ta ga ƙwaron da zai riga ta gama littafinta ba.

Har mai shagon kayan masarufi na ƙofar gida ya hauro wata rana, sanye da rigarsa ta fita, ya ce ya ji an buɗe wurin ɗaukar hoto, yana son na fasfo. Injiniya ya dube shi ya dubi kwalin, ya ce in zai iya kwanciya ƙarƙashin gilashi bismilla.

Da rana in Injiniya ya shiga shago, ita sai ta rungumi babbar wayar da Auta ta bar mata, ta buɗa haruffa su yi manya, ta yi ta karatu tana magana da marubutan kamar suna gabanta. Ta yi kewar wannan ba kaɗan ba: ta tsaya inda ta ga dama, ta koma baya ba tare da ta roƙi kowa ba, ta ga waƙafi a inda aka ajiye shi. Murna kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Amma duk wannan share fage ne a wurinta. Abin da take jira shi ne Jan Littafi.

Jan Littafi wani ƙaton labari ne mai jan bango, shi ne na ƙarshe da ta saya kafin idon ya juya mata baya, don haka ba ta taɓa karanta shi da kanta ba. Labarin wasu 'yan'uwa uku ne da ke rigima a kan jirgin fito da mahaifinsu ya bari. Su 'yan'uwan ba su dame ta ba, ko kogin ya cinye su duka ba za ta yi asarar hawaye ba. Wanda ta ƙallafa rai a kansa shi ne Mai Laima, wani mai gyaran laima da ya kafa sana'arsa a bakin kogi a garin da ruwan sama ya yi yaji. Ba ciniki, ba komai, sai son matar da ke sayar da tikitin jirgi, wata mai baki da ke bubbuga yatsu a kan tebur in tana jiran fasinja. Ya gyara mata laima da gangan yadda za ta sake lalacewa ta dawo. Ya taɓa faɗawa kogi da laima a buɗe, ruwa ya tafi da shi yana gaida mutanen da ke gaɓa. Akuya ta taɓa cinye masa tikiti, ya nemi a bar shi ya shiga jirgi da akuyar a matsayin shaida.

Wuraren nan ta sa Injiniya ya maimaita mata su har ta haddace. In ya yi kuskure nan take za ta ɗaga yatsa ta ce, "Ka tsallake layi!" Shi kuma ya matso da littafin kusa da hanci, ya ce, "Haka ne, ga shi nan," ya karanto abin da ya bari. Yanzu burinta ɗaya ne, ta ga Mai Laima da idonta, baƙi a kan fari, ta ga yadda marubucin ya jera kalmomin ba tare da wani ya haɗiye masa waƙafi ba.

Sai dai duk lokacin da ta miƙa hannu ga Jan Littafi, Injiniya na da magana.

"Ɗinkinsa ya yi tsauri, Madam, zai karye."

Washegari ya ce takardarsa na da sheƙi, za ta kashe hoto. Bayan nan ya ce jan bango yana rikita kamara, abu ne na kimiyya, ba za ta gane ba. Ya ba da shawarar a fara gama na girki, da na tarihi, da ƙamus. Ƙamus! Ta yarda da na girkin, ta haƙura da na tarihin, amma da ta ga da gaske mutumin ya ɗauko ƙamus ya shimfiɗa a ƙarƙashin gilashi, ta ce a ranta ruwa ba ya tsami banza. Abin da ta zargo shi ne kishi: tsoho ba ya son a raba shi da kujerarsa ta yamma. Abin ya ba ta dariya, ya kuma ɗan ba ta tausayi, amma bai kai ya hana ta ba.

Ranar da fitilar hagu ta mutu Injiniya ya tafi kasuwa neman ƙwai, Auta kuwa tana gida. Ƙofa na rufuwa Anti Tafireta ta miƙe zumbur.

"Ciro ƙwan fitilar kicin. Maza!"

"Mama, Baba ya ce..."

"Babanki ya ce jan bango na rikita kamara. Ke da kika yi karatun asibiti, kin taɓa jin wannan ciwon?"

Suka duƙufa, uwa na juyawa 'ya na latsawa, suna ƙyalƙyala dariya kamar ɓarayin da suka samu ƙofa a buɗe. Ɗinkin bai karye ba, takardar ba ta yi sheƙi ba, kamara ba ta ko yi tari ba. Injiniya ya shigo da ƙwan fitila a hannu daidai lokacin da aka rufe bangon baya. Ya dubi littafin, ya dubi matarsa da ke taka rawa a zaune, ya ajiye ƙwan a hankali kamar na kaza. Ya ce ya tuna akwai wata fanka da ke jiransa a ƙarshen layi, ya fice ko ruwa bai sha ba.

Anti Tafireta ba ta bi ta kansa ba. Ta gyara zama, ta goge tabarau, ta ce wa Auta ba daga farko za ta fara ba, kai tsaye wurin faɗawa kogi za ta. Ta shiga jan shafuka da yatsa. Ga 'yan'uwan nan suna zagin juna, ga lauya, ga jirgi ya lalace, ga 'yan'uwan sun sake zagin juna. Ta wuce tsakiya, ta kai ƙarshe, ta dawo. Ba laima, ba akuya, ba mai tikiti.

"Sikanar babanki ta ci shafuka," ta ce.

"Ba ta ci ba, Mama."

"Ta ci! Kwali ne fa, me kike tsammani daga kwali?"

Auta ta ce akwai hanya mai sauƙi, tunda wayar ta gane haruffa za a iya tambayarta. Ta rubuta "laima" a wurin nema ta latsa. Wayar ta ɗan yi tunani ta ce babu. Ta rubuta "akuya", babu. Ta rubuta "tikiti", ya fito wuri ɗaya, shi ma lauya ne ya sayi na jirgin ƙasa.

Anti Tafireta ta ce wayar ma ba ta da hankali. Ta koma ga abin da ta sani, ta buɗa lambar shafi ta yi girma, ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take bin takardun ofis kafin ta kai wa shugaba. Ta sa Auta ta riƙe littafin kansa tana duba nata. Kowace lamba na bin 'yar'uwarta, ba giɓi, ba wurin da aka yage. A nan dariyar ta fara janyewa daga fuskarta. Ta ji wani abu kamar an ce mata wani ɗan'uwa da ta daɗe tana aika wa gaisuwa ba a taɓa haihuwarsa ba.

Can ta ce, "Nemo min inda suka yi wa jirgi koren fenti. Daga nan Mai Laima ya fara shigowa, ban manta ba."

Fenti kam yana nan. Ta karanta shafin, ga shi daidai yadda Injiniya ya karanta mata, har da ƙaramin ɗan'uwan da ya zauna a kan bokiti. Ta ja shafi na gaba, inda mota za ta tsaya wani mutum ya sauko da ƙunshin laimomi a kafaɗa. Sabon babi ne, amma ba mota a ciki. Babin mahaifiyar 'yan'uwan ne, tsohuwar da a karatun Injiniya aka ce ta tafi wurin ƙanwarta a wani gari, a layi ɗaya, ba a sake jin ta ba. A cikin littafin ba inda ta je. Idonta ne ya fara dusashewa. Ta fasa kofi, ta zuba gishiri a shayi, sai 'ya'yan suka kwashe ta suka kai ɗakin baya inda ake ajiye igiyoyin jirgi. Marubucin ya bi ta dalla-dalla, yadda take zaune tana jin hirarsu ta bango, yadda aka fara manta kai mata abinci a kan lokaci, yadda ta daina tambayar ko gari ya waye. Babin dogo ne, kuma an rubuta shi da kyau, irin kyan da ba ya tausayin mai karatu.

Ta karanta shi har ƙarshe da manyan haruffa, ba ta tsallake layi ba. Tana gamawa ranar ta dawo mata. Ranar da suka dawo daga wurin likita ce, ranar da ya ce ba na tiyata ba ne. Ta kwanta ta juya wa ɗaki baya, ta ce da Injiniya ya karanta mata ko mene ne don kada ta ji tunaninta. Ya karanta fentin jirgi, ta ji ya juya shafi, sai ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har ta ce masa ko barci ya yi. Ya yi gyaran murya, ya ce, "Sai ga wata mota ta tsaya, wani mutum ya sauko da ƙunshin laimomi a kafaɗa." Kafin a kira magariba a ranar ta yi dariya, ita da ta ɗauka ta gama dariya a duniya.

Kuka ya zo mata, ta yi shi sosai, Auta na riƙe da kafaɗarta ba ta san me ya faru ba. Bayan kukan haushi ya zo. Tana cikin haushin ta lura yatsunta na bubbuga hannun kujera, ta dube su, ta tuna mai tikiti, sai dariya ta ƙwace mata da hawaye a fuska.

"Ja'irin tsoho," ta ce. "Auta, je ki ƙarshen layi ki ce wa babanki fankar ta gyaru haka."

Injiniya ya shigo ya tsaya bakin ƙofa, ya yi tsuru-tsuru, hula a hannu.

"Injiniya, ina Mai Laima?"

Ya dubi kwali, ya dubi fitila. "Wataƙila haske ne ya yi masa yawa, Madam. Mutum ne mai kunya."

"Shekara da shekaru ina yi maka gyara a kan layin da babu shi! Ni! Ni da ko shugaban ofis bai taɓa kama ni da kuskure ba! Ina cewa ka tsallake, kana cewa ga shi nan!"

"To ai gyaran naki yana da kyau." Ya ɗan matso, ganin ba a jefo komai ba. "Akuyar nan da ta ci tikiti, wallahi ba tawa ba ce. Ni cewa na yi iska ta ɗauke shi. Da muka zo maimaitawa kika ce na tsallake akuya. Na duba na ga akuya ta fi iska, sai na ce ga ta nan."

Auta ta zauna a ƙasa don dariya. Anti Tafireta ta buɗe baki za ta musa, ta rufe. Ta daɗe tana kallonsa, ga furfura, ga baƙin mai a farce.

"Na karanta babin," ta ce a hankali.

Ya sunkuyar da kai yana juya hular. "Na ga kan babin, na ga layin farko. Bakina ya ƙi. Na ce bari in kewaye shi da ɗan wani abu na yini ɗaya, sai kika yi dariya, washegari kika ce ina mutumin nan mai laima. To ya zan yi? In ce ya koma garinsu?"

Ta dubi kantocin, ta dubi wayar da ke cinyarta. Duk waɗannan yanzu suna da madadi, ko gara ta yi biki a kansu gobe ba ta yi asara ba. Wanda ta fi so duka shi ne ba shi da ko shafi ɗaya, yana ajiye a cikin kan tsohon da kullum sai an taya shi neman sukudireba. Tsoro ya kama ta, na gaske, irin wanda ba ta ji ba tun ranar likita.

"Auta, shiga ƙarƙashin gado, can ƙurya. Akwai baƙin akwati mai hannu."

"Mama, ai sai in ɗauki muryar Baba a waya, ya fi sauƙi."

"Murya ba ta da lambar shafi. Ɗauko min."

Tafiretar ta fito da ƙura da warin tsohon ƙarfe. Ribon tawadar ya bushe, Injiniya ya ɗiga masa man keken ɗinki ya murza, ya sa wa harafin da ya maƙale mai. Ita kuwa ta zura takarda ta murɗa, ta daidaita gefe da tafin hannu, ta ɗora yatsu takwas a layin tsakiya. Wannan aikin bai taɓa buƙatar idonta ba, tun tana budurwa bango take kallo tana bugawa.

"Duk shafin da ya fito, Auta ta kai shi Sikana," ta ce. "Sai ya shiga, ko yana so ko ba ya so. Ja kujerarka. Daga saukowarsa mota."

Injiniya ya ja kujera kusa da tata, ya zauna, ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya ɗora hannu a gwiwa, ya sauke, ya sosa ƙeya. Can ya miƙa hannu a kunyace ya ɗauki Jan Littafi daga kan kwali, ya buɗe shi a tsakiya, ya riƙe a gabansa. Ya yi gyaran murya ya fara, tafireta ta kama ƙara kamar ruwan sama a kan kwano, ƙararrawar ƙarshen layi na bugawa, Auta na tsaye da gilashin hoton aure a hannu tana jiran shafin farko.

Mota ta tsaya, mutum ya sauko, ya ajiye ƙunshinsa a bakin kogi, ya ɗaga kai ya dubi sama. Injiniya ya wuce zuwa wurin teburin tikiti. Sai ƙarar ta tsaya cak, yatsa ɗaya ya tashi sama.

"Ka tsallake layi."

Ya matso da littafin kusa da hancinsa, ya daɗe yana dubawa, idonsa ya cika.

"Haka ne, Madam," ya ce. "Ga shi nan."